Shin jami'an tsaro na karanta saƙonninmu na WhatsApp?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kayan waya a Terminus, nan Jos. A majalisarmu wani ya rantse cewa tunda aka haɗa layukanmu da NIN, duk abin da muka rubuta a WhatsApp yana sauka a teburin jami'an tsaro a Abuja. Haka ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Abokinka ya cakuɗa zance. Haɗa layi da NIN, wanda aka tilasta tun Disambar 2020, yana nuna wane ne mai layin. Kamfanin layinka ya san lambar da ka kira, da tsawon kiran, da unguwar da kake ta hanyar turken da wayarka ta kama. Kiran layi da tes ba a kulle suke ba, kuma hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta fitar da ƙa'idoji a 2019 kan yadda jami'an tsaro za su nemi sauraron su, duk da cewa sashe na 37 na tsarin mulki ya kare sirrin hirar waya.

WhatsApp daban ne. Tun 2016 saƙo yana kulluwa a wayarka, ba ya buɗuwa sai a wayar wanda ka tura wa. Kamfanin Meta, mai WhatsApp, ya san lambarka da lokutan da kake hawa, amma rubutun ba ya ganinsa. To ta ina asiri ke tonuwa? Ta guruf mai mutum ɗari uku, inda ɗaya zai ɗauki hoton allo ya watsa. Ta ajiyar saƙonninka da ke Google Drive, in ba ka kunna mata kulle ba. Ta wayar da aka miƙa wa mai gyara da lambar buɗewa a rubuce a bayan rasit, kai ma ka san ana yi a layin shagunanku. Akwai manhajar leƙen asiri irin su Pegasus, amma tsadarta ta sa 'yan jarida da 'yan siyasa aka fi ɗana wa.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Kubwa. Na ga wasu Amurkawa a YouTube suna cewa ya kamata gwamnati ta cire hannunta daga intanet gaba ɗaya, kowa ya sa VPN ya zama mai 'yanci. Me za ka ce?

Amsa: Malama, waɗannan masu ra'ayin rage ikon gwamnati ne, har jam'iyya suke da ita a Amurka tun 1971, jam'iyyar Libertarian. Kan sirrin mutum ina tare da su. VPN, wato manhajar da ke ɓoye shafukan da kike shiga da inda kike, ya yi rana lokacin da aka rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, rufewar da kotun ECOWAS ta ce ta saɓa doka. Amma da aka katse sabis a Zamfara a Satumbar 2021, VPN bai tsinana komai ba, don sai da sabis yake aiki. Kuma in kin yi rubutu da sunanki da hotonki, ba zai kare ki daga sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ba, wanda aka sha kama 'yan jarida da shi kafin a gyara shi a 2024. VPN na kyauta kuwa ki yi hattara, wasunsu da bayananki suke cin abinci.

Inda muka raba hanya da su shi ne batun cire hannu ɗungurungum. Manhajar bashin da ke kwashe lambobin wayarki tana aika wa danginki cewa ke ɓarauniya ce ba gwamnati ba ce. Dokar kare bayanai ta 2023 ce ta ba ki inda za ki kai ƙara, wato hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC.

Tambaya: Wai gaskiya ne sojoji suka ƙirƙiro Tor, burauzar ɓoye sawu?

Amsa: Gaskiya ne, daga ɗakin binciken sojan ruwan Amurka dabarar ta fito a shekarun 1990. Yanzu ƙungiya mai zaman kanta ke riƙe da ita, kuma kowa na iya duba yadda aka rubuta ta. Sai dai nauyi gare ta, kallon bidiyo da ita sai mai haƙuri.