Tambayi Mai Gyara: Fentin da Ya Ƙi Zama a Bango, da Sauran Wasiƙunku

Wasiƙun wannan wata sun taru, kuma fiye da rabinsu ruwa ne ya sa aka rubuto su, ko da masu su ba su sani ba. Na zaɓi shida na gajarta su. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri sai wata mai zuwa.

*Malam, sau uku ke nan cikin shekara biyu ina sa a yi wa ɗakina fenti. Ba ya wata huɗu sai ya kumbura ya riƙa ɓarewa, daga ƙasa zuwa daidai gwiwa, kuma wani farin gari kamar gishiri yana fitowa. Mai fenti ya ce laifin fentin ne, na sayi mai tsada, aka maimaita. Yanzu an ce in sa fentin mai. Ya ka gani? — Wata uwargida*

Hajiya, riƙe kuɗinki tukuna. Ruwa ba ya tsami banza, kuma fentinki ba shi da laifi ko sau ɗaya cikin ukun nan. Bangon ne jiƙe. Bulo da filasta cike suke da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, suna zuƙar ruwa daga ƙasa yadda lagwani ke zuƙar mai. Ruwan yana hawa ɗauke da gishirin ƙasa da na siminti, in ya iso fuskar bango ya bushe sai ya bar gishirin a ƙarƙashin fenti. Shi ne farin garin da kike sharewa, shi ne kuma yake ture fentin. Irin wannan danshi da wuya ya wuce mita 1 a tsayi, shi ya sa ɓarnar ta tsaya miki a gwiwa.

Fentin mai kuwa zai ƙara dagula lamarin. Yana toshe bango ya hana shi numfashi, ruwan ya rasa hanya, sai ya tara ƙuraje manya waɗanda in kin fasa ruwa zai fito, ko ya ƙara hawa sama ya ɓullo inda fentin man ya ƙare. Na sha ganin ɗakin da aka yi wa haka har zuwa ƙugu, bayan damina ɗaya ɓarnar ta koma daidai ƙirji.

Ga abin da nake so ki fara yi, kuma ba sai kin kira kowa ba. Yanki leda mai kauri kamar faɗin littafi, ki manna ta a wurin da ya fi lalacewa, ki zagaye gefunanta huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba. Bar ta kwana biyu. In kin ga raɓa a fuskar ledar ta waje, tururin cikin ɗaki ne ke sauka a kan bango mai sanyi, maganinsa buɗe taga da janye kaya daga jikin bango. In kuwa jiƙewar tana tsakanin leda da bango, ruwa daga cikin ginin yake fitowa, sai ki zagaya bayan ɗakin ki duba da kyau. Ƙasar waje ta fi daɓen ɗaki tudu? An yi cikon ƙasa ko an dasa furanni a jikin bangon ana ba su ruwa kullum? Ruwan rufi a gindin bangon yake zuba? Akwai banɗaki ko bututu a bayansa? A ƙa'idar gini, shimfiɗar da ke tare danshi a gindin bango ya kamata ta ɗara ƙasar waje da santimita 15. Sau da yawa tana nan lafiya lau, ciko ne kawai ya binne ta, sai a kwashe ƙasar magana ta ƙare. In kina zargin bututu kuma gidan yana da mitar ruwa, rufe kowane famfo ki duba lambar, ki dawo bayan awa biyu. In ta motsa, wani wuri yana yoyo.

Bayan an tare ruwan sai a kankare fentin, a share gishirin da busasshen buroshi. Kada a wanke shi da ruwa, narkewa zai yi ya koma cikin bango ya jira ki. Daga nan sai haƙuri, wanda shi ne ya fi wa mutane wuya. Tsohon lissafin magina shi ne wata guda ga kowane inci na kaurin bango kafin ya bushe sarai. In an sake filasta, a ba ta aƙalla kwana 28, sannan a shafa fentin ruwa, ba na mai ba. Abu ɗaya zan ƙara: in gidan tsoho ne, tsohon fentin mai yana iya ƙunsar dalma, wadda Amurka ta haramta a fentin gidaje tun 1978 saboda illarta ga ƙwaƙwalwar yara. A jiƙa shi kafin a goga samfefa don kada ya yi ƙura, a kuma fitar da yara daga ɗakin.

*Duk lokacin da na haɗa dutsen guga da butar lantarki da rishon lantarki, bayan 'yan mintoci sai bireka ta faɗi. An rubuta 16 a jikinta. Abokina ya ce in sayo mai 32 mu canja da kanmu. — Wani ɗalibi mai zaman haya*

Ɗana, gaishe min da abokinka, amma kada ka bari ya taɓa allon wutar nan. Garin neman gira zai sa ku rasa ido.

Zo mu yi lissafi. Inda wutar gida take bolt 230, bireka mai amfiya 16 tana ɗaukar kusan wat 3,680, wato 230 sau 16. Juya kayanka ka karanta lambar da ke gaban harafin W. Buta takan kai wat 2,000 ko fiye, dutsen guga ma kusan haka, risho kamar 1,500. Ka ga ka wuce 5,000. Birekar ba ta lalace ba, aikinta take yi, kuma ba kayanka take tsaro ba, wayar da ke binne cikin bango take tsaro. Wayar soket da aka saba sa wa, wadda masu aikin wuta ke kira 2.5, abin da take iya ɗauka amfiya 20 ne da 'yan kai. In ka ɗora mata bireka mai 32, wayar za ta riƙa zafi a inda ba ka gani, robarta ta bushe ta tsage, birekar kuma tana zaune ba ta san ana yi ba. Maganinka na kyauta ne: ka yi guga, ka gama, sannan ka dafa ruwa.

Sauran masu karatu su lura da yadda take faɗuwa, domin a nan amsar take. In sai ta ɗau mintoci, kaya ne suka yi mata yawa. In nan take ta faɗi da ƙara, wayoyi ne suka haɗu. In kuwa wadda ke faɗuwa ita ce mai ɗan maɓallin gwaji da harafin T, wadda aka rubuta 30mA a jikinta, wuta ce ke zurarewa ta inda bai kamata ba, galibi daga na'urar da ke dafa ruwa. Cire komai daga soket, ɗaga birekar, ka riƙa mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya har mai laifi ya tona kansa. Iyakar abin da na yarda mutum ya yi da hannunsa ke nan. Soket da ya yi baƙi, ko ƙaurin roba, ko bango mai ɗumi, kashe wutar ka kira mai sana'ar.

*Famfon wanke-wankena yana ɗiga ta baki dare da rana. Na naɗa masa farin tef ɗin nan har sau uku, na kuma matse shi iya ƙarfina. Bai daina ba. — Malam S.*

Malam, kai ne mai ciwon haƙori da ya ɗaure ƙafa. Farin tef ɗin na zaren mahaɗa ne, inda famfo ya shiga bututu. Ɗigar baki daga cikin famfon take. In irin wanda ake murzawa sau da yawa ne, akwai 'yar roba zagayayya a ciki, wosha, da ke danne ƙofar ruwa, ta cinye. Matsewar da kake yi da ƙarfi ita ke ƙarasa ta, har ta kai ga cin mazaunin ƙarfen da take zama a kai. In kuwa irin na zamani ne da ake juyawa kwata ɗaya, babu wosha, faifai biyu ne na tangaran a cikin wani ɗan gida, kuma gidan gaba ɗaya ake canjawa.

Rufe ruwan daga babban bawul, buɗe famfon ya tsane. Toshe ramin kwatamin da tsumma, don ƙaramin sukurun kan famfo ba shi da wurin zuwa da ya fi so irin wannan rami. Cire marfin, kwance sukurun, sa sifana ka kwance cikin, kana riƙe da jikin famfon da ɗaya hannun kada ya juya ya karya mahaɗa a ƙasa. Tafi da tsohon ka sayo irinsa daidai, kada ka dogara da ido. In ka sa sabuwar wosha ya ci gaba da ɗiga, shafa yatsa a mazaunin, za ka ji ya yi zazzago, to famfon ya gama aiki.

Tef ɗin naka ma yana da ranarsa. In za ka naɗa, fuskanci bakin zaren ka bi hannun agogo, in ba haka ba yana warwarewa kana ɗaurawa. Wani masanin sinadarai Ba'amurke, Roy Plunkett, ya ci karo da sinadarinsa bisa kuskure a 1938, kuma shi ne dai ake shafa wa kaskon da abinci ba ya kamawa.

*Ƙofar ɗakinmu ta katako tana cijewa in damina ta zauna. Maigida yana so ya fere ta. — Maman 'yan biyu*

Ki ce masa ya dakata. Katako yana shan danshin iska ya kumbura ta faɗi, in iska ta bushe ya koma. Wanda ya fere da yawa yanzu, da rani sai ya riƙa hango tsakar gida ta gefen ƙofa. Ya fara ɗaga ƙyauren da hannu, in ya ji yana wasa, sukuran hinjin sama ne suka saki. Ramin da ya yi faɗi a cusa masa tsinken ashana uku ko huɗu da gam na katako, a bari ya bushe, a mayar da sukuru. In ba haka ba ne, ya goga alli a gefen ƙyaure ya rufe ya buɗe, inda allin ya kama jikin firam nan kaɗai zai bi da samfefa. Sannan ya yi wa saman ƙyauren da ƙasansa fenti. Kusan babu mai fentin da ke tunawa da su, ta nan kuma danshin ke shiga.

*Banɗakin baƙi da ba ma amfani da shi ya fi kowanne wari, alhali a wanke yake. — Wata amarya*

'Yata, rashin amfanin ne ya jawo. A ƙarƙashin kowace magudana akwai lanƙwasa da ke riƙe ɗan ruwa, wannan ruwa shi ne ƙofar da ke tare warin rami. Ya ƙafe. Zuba bokiti guda a magudanar ƙasa, ki buɗe famfon wanke hannu, ki kora masai, ki riƙa yin haka duk mako biyu. Kuma don Allah kada wari ya sa ki haɗa bilic da ruwan wanke masai mai asid. Haɗinsu yana fitar da iskar kulorin, a ɗan ƙaramin ɗaki rufaffe kuwa tana iya kayar da mutum.

*Na kafa kanta a bango, sau biyu tana zubowa da littattafaina. Ramukan sun yi faɗi. — Wani malamin makaranta*

Malam, ko dai bakin injin hudarka ya fi robar da ke riƙe sukuru girma, ko ramin ya tsaya cikin filasta bai kai bulo ba. 'Yar robar nan da masu aiki ke kira fisha, sunan wani Bajamushe ne, Artur Fischer, wanda ya ƙirƙiro ta a 1958. Dabararta ita ce ta buɗe ta ciji bango in sukuru ya shige ta, saboda haka dole ramin ya matse ta tun farko. Lambar da ke jikinta ita ce lambar bakin da za ka huda da shi: mai 8, baki mai 8. Ya kamata sai ka ɗan buga ta da guduma kafin ta shige. In ta faɗa da kanta, ba za ta riƙe komai ba. Hure ƙurar ramin, sa sukuru mai tsawon da zai ratsa katako da filasta ya shiga bulo sosai. Tsofaffin ramukan cike su da siminti, ka matsa gefe kamar faɗin yatsu uku ka huda sababbi.

Kafin ka huda, dubi sama da ƙasa da gefe. Wayoyin wuta sukan tashi a miƙe daga soket da makunni, bututu kuma daga famfo. Ni da nake faɗa maka, shekarun baya na tashi rataye madubi a banɗakina, na auna tsakiyar kwatamin wanke hannu daidai wa daida don ya yi kyau, na manna tef a kan tayil kada baki ya zame, na kashe bugun injin kamar yadda nake koya wa yarana. Duk ƙa'ida na bi, sai guda ɗaya. Baki yana shigewa na ji ya yi laushi, kafin in janye ruwa ya feso min a fuska. Na toshe ramin da babban yatsa ina ƙwala wa uwargida kira ta rufe bawul, ita kuma tana tambayata daga tsakar gida wanne ne bawul ɗin. Tayil huɗu na fasa kafin in kai ga bututun. Madubin yana nan har yau, ya ɗan karkata hagu da tsakiyar kwatamin, don ya rufe tayil ɗin da ban samo kalarsu ba.