Amsa: Me ya sa mai wayarin ya ce a sa wa fitila rile?

Malam, ka ce ka ƙara wa motarka manyan fitilu saboda dakon tumatir da dare daga Kafin Hausa, makunnin ya ƙone har sau biyu, mai wayarin ya ce sai an sa rile. Gaskiyarsa ce, ba cin kuɗinka zai yi ba.

Rile makunni ne da wuta ke kunnawa. A cikinsa akwai siririyar waya da aka naɗe a jikin ƙarfe. Da ka taɓa makunninka, 'yar wuta kaɗan ta bi wayar, ƙarfen ya zama maganaɗisu, ya fizgo wani ɗan harshe ya haɗe bakin babbar waya. Ƙarar "ƙas" ɗin da kake ji ke nan. Wutar fitila mai nauyi daga batir take bi ta nan, makunninka ya huta. Ka kashe, sifirin ya mai da harshen.

Na ƙaramar mota mai bolt 12 ne, yawanci amfiya 30 ko 40. Duba lambobin ƙafafun da ke gindinsa: 85 da 86 na naɗin waya, 30 daga batir, 87 zuwa fitila. Kada a manta da fis, mai yanke wuta idan ta yi yawa, tsakanin batir da ƙafa mai lamba 30. Mai ƙafa biyar yana da ƙarin 87a, mai wuta sa'ad da rilen ke kashe. Kai mai huɗu ya ishe ka.

Akwai kuma na lantarki zalla, marar motsi marar ƙara, sai dai yana ɗaukar zafi. Babban wansu kontakta, shi ke tayar da injin niƙa da famfon burtsatse.