Da gaske kura mushe kawai take jira?

Malam, ka tambaya ko kura matsoraciya ce mai jiran mushe kamar yadda tatsuniya ta nuna. Gizo ne dai ya ɓata mata suna. Kura mai dabbare-dabbare ta Serengeti da Ngorongoro a Tanzaniya, yawancin abincinta ita ke farautowa. Sukan taru su bi jakin dawa har ya galabaita, su kayar, wani lokacin ma zaki ne ke zuwa ya ƙwace. Har ƙashi take murƙushewa, shi ya sa kashinta ke yin fari fat idan ya bushe. In kana son ganinta kusa, je Harar a Habasha, inda ake miƙa mata nama da dare a bakin ganuwa.