Me Ya Sa Ɗana Ya Fi Jin Maganar Abokan Wasansa?

Tambaya: Ɗana mai shekara 14 yana buga Free Fire a waya. Tun da ya samu abokai uku da suke haɗuwa a cikin wasan kowane dare, ya dame ni da neman kuɗin sayen dayamon, wato kuɗin da ake sayayya da su a cikin wasan, kuma idan na kira shi sai ya ce in bari a gama. Me ke jawo haka?

Amsa: Hajiya, a ganina mutum ukun nan ne suka riƙe shi, fiye da wasan kansa. Free Fire, wanda kamfanin Garena na Singafo ya fitar a 2017, yana zuba 'yan wasa 50 a tsibiri guda, sau da yawa huɗu-huɗu, kuma wanda ya ajiye waya ana tsakiyar fafatawa ya bar 'yan uwansa a hannun abokan gaba. Saboda haka idan ya ce ki bari a gama, kunyar abokansa ce take magana, domin gobe za su tuna masa wanda ya gudu.

Batun kuɗin ma daga nan ya taso. Tufafin da ake saya da dayamon ba sa ƙara masa ƙwarewa, amma kowa yana ganinsu, kuma yaron da ya fito da kayan kyauta a cikin waɗanda suka sha ado yakan ji kamar ya je sallar idi da tsohuwar riga.

Masanin halayyar ɗan Adam Solomon Asch ya nuna irin wannan a Amurka tun 1951. Ya sa mutane su gwada tsawon layuka a gaban wasu da aka shirya su ba da amsar kuskure, sai kusan kashi ɗaya cikin uku na amsoshin suka bi kuskuren, alhali ido yana ganin gaskiya. Ya kuma gano cewa mutum uku sun isa su karkata mutum ɗaya, wato daidai adadin abokan ɗanki, amma da zarar an samu ɗaya da ya saɓa wa sauran, bin ayarin yakan ragu ƙwarai.

Don haka ƙwace wayar ba shi ne matakin farko ba. Ki fara sanin su wane ne ukun nan, 'yan ajinsu ne ko baƙi manya da bai taɓa gani ba, domin na biyun ya fi buƙatar sa ido. Idan 'yan unguwa ne, ki yi magana da mahaifiyar ko da ɗaya daga cikinsu, ku tsayar da lokacin tashi da iyakar kuɗi iri ɗaya. Da yake zagaye guda ba ya cika wuce minti 15, ki riƙa gaya masa tun kafin ya shiga cewa wannan ne na ƙarshe.