Amsa ga mai tambaya kan sabar Proxmox da netwok ɗinta ke yankewa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na karanta bayaninka, inda ka ce ka ɗora Proxmox, manhajar da ke ba da damar tafiyar da kwamfutoci da dama a cikin inji ɗaya, a kan wata ƙaramar kwamfutar ofis, kana tafiyar da VM huɗu a kanta, wato kwamfutocin manhaja da ke zaune a cikin injin, kuma lokaci zuwa lokaci netwok yakan ɗauke gaba ɗaya, shafin gudanarwa ya ƙi buɗewa, VM ɗin su daina amsawa, har sai ka zare kebul ka mayar ko ka kashe injin ka sake kunnawa. Ka kuma ambaci cewa abin ya fi faruwa da daddare, lokacin da ake kwashe bayanai zuwa ma'ajiya. Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta fi jan hankalina, domin netwok ɗin da ke mutuwa sa'ad da kaya suka yi masa nauyi ya sha bamban da wanda ke mutuwa haka kawai.

Shawarata ta farko ita ce ka dakata da sauya saituna, ka fara gano inda igiyar take tsinkewa. Ka haɗa allo da kibod kai tsaye a jikin sabar ka bar su a nan, tunda idan netwok ya ɗauke ba za ka iya shiga daga nesa ta SSH ba, alhali a daidai wannan lokacin ne kake da bukatar ganin abin da ke gudana. Idan ya ɗauke, ka yi ping, wato umarnin gwada ko wata na'ura tana amsawa, daga sabar zuwa ɗaya daga cikin VM ɗin, sannan ka yi zuwa rauta. In VM ya amsa amma rauta ta yi shiru, to gadar vmbr0, wadda ke haɗa VM ɗin da katin netwok a cikin sabar, lafiyarta ƙalau, matsalar tana tsakanin katin netwok, kebul da suwici. Daga nan ka rubuta journalctl -k ka karanta abin da kanel, wato zuciyar manhajar da ke sarrafa injin, ya rubuta a mintunan da abin ya faru.

Abin da nake kyautata zaton za ka gani shi ne layi mai ɗauke da sunan e1000e da kalmomin Detected Hardware Unit Hang. Da yawa daga ƙananan kwamfutocin ofis na Dell, HP da Lenovo suna zuwa da katin Intel I219 a jikin uwar allonsu, kuma direban e1000e, wato manhajar da ke sarrafa katin, shi ne yake tafiyar da shi. Akwai wani tsari da ake kira TSO, wanda a cikinsa kanel yake miƙa wa katin babban dunƙule na bayanai, shi kuma katin ya yayyanka shi zuwa ƙananan fakitoci da kansa domin ya rage wa furosesa aiki. Wannan kati yakan sarƙe da wannan aiki idan zirga-zirga ta yi yawa, musamman a ƙarƙashin gada mai ɗauke da VM da dama, sai ya daina turawa. Wani lokaci direban yakan farfaɗo da shi bayan 'yan daƙiƙoƙi, wani lokaci kuma yakan maƙale har sai an zare kebul, wanda shi ne ainihin abin da ka kwatanta.

Maganinsa shi ne a karɓe wannan aiki daga hannun katin. Ka rubuta ethtool -K eno1 tso off gso off, ka maye gurbin eno1 da sunan katinka kamar yadda ip link ya nuna. Ka lura cewa sunan katin na zahiri ake sawa, ba vmbr0 ba, domin nan ne mutane da yawa suke zamewa su ce sun gwada bai yi ba. Wannan umarni yana gushewa da zarar an sake kunna inji, saboda haka ka buɗe /etc/network/interfaces, ka ƙara layin post-up ethtool -K eno1 tso off gso off a ƙarƙashin sashen vmbr0. Kada ka damu da batun ƙarin nauyi a kan furosesa. A layin gigabit ɗaya ban taɓa ganin bambancin da ya isa a yi magana a kansa ba. Bayan haka ka tayar da kwasar bayanan nan da hannu da rana, kana zaune gaban allo, ka ga ko zai sake sarƙewa.

Idan kuwa abin da kanel ya rubuta shi ne Link is Down sannan Link is Up, to labarin daban ne, ka koma kan waya da wuta. Ka rubuta ethtool eno1 ka duba saurin layin. Gigabit yana bukatar dukkan wayoyi 8 da ke cikin kebul, yayin da 100Mb/s ke tafiya da 4 kaɗai, don haka layin da ya sauka zuwa 100 alama ce ta kan kebul da ba a matse da kyau ba ko waya guda da ta karye a ciki. Umarnin ethtool -S eno1 zai nuna maka adadin kurakuran CRC, wato fakitocin da suka iso a lalace, kuma in adadin yana hauhawa, ka sauya kebul kafin komai. Kasuwa cike take da kebul na alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe. In ka kankare wayar da reza ka ga fari a ciki, ka cire shi daga jikin saba.

Batun wuta ma na gaske ne a wurinmu. Na taɓa aiki a wani ofis inda aka ɗora sabar a kan inbata, amma suwicin da ke cikin akwatin bango yana cin wutar soket kai tsaye. Duk lokacin da aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, sabar tana nan daram, suwicin kuwa ya mutu ya taso, ma'aikata suna ta cewa saba ce ke da matsala. Ƙari a kan haka, suwici mai amfani da tsohon tsarin STP, mai hana bayanai yin zagaye a netwok, yakan riƙe kofa kimanin daƙiƙa 30 kafin ya bar bayanai su wuce, sai ka ga fitila ta kama amma babu abin da ke motsi. Ka tabbatar suwici da rauta suna kan inbata ko UPS ɗaya da sabar.

Hali na uku shi ne ka tarar kanel bai rubuta komai ba a lokacin yankewar. A nan ka zargi adireshin IP da ya yi karo. Idan ka ba sabar tsayayyen adireshi wanda yake cikin zangon da rauta ke rabawa na'urori da kanta ta tsarin DHCP, wata rana wayar wani baƙo za ta karɓi adireshin nan, netwok ya riƙa zuwa yana ɗaukewa gwargwadon wanda ya riga amsawa. Ka gwada arping -D -I vmbr0 tare da adireshin sabar. In wani ya amsa, ka kama ɓarawon. Haka nan, idan ka taɓa dawo da VM daga ajiya a matsayin na biyu ba tare da ka zaɓi Unique ba, zai dawo da adireshin MAC, wato lambar shaidar katin netwok, iri ɗaya da na VM na asali, suwici ya rasa wanda zai bai wa fakiti. Ka bi VM ɗin ɗaya bayan ɗaya ka kwatanta.

Idan an tabbatar katin ne kuma kashe TSO bai wadatar ba, ni dai ba na ɓata lokaci a kansa, nakan sa katin Intel i210 ko i350, waɗanda ke amfani da direban igb, in dai injin yana da gurbin PCIe na sa ƙarin kati a uwar allo. Sai dai ka sani cewa sa sabon kati yakan sauya sunayen katunan, ta yadda layin bridge-ports na cikin /etc/network/interfaces zai riƙa nuni ga sunan da babu shi, don haka ka yi aikin allo yana haɗe.

Ka riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda, ka bar shi ya kwana ya ga kwasar bayanan dare kafin ka taɓa na gaba. In ka samu dama, ka turo mana layukan journalctl -k na lokacin da ya yanke, da sakamakon ethtool -i eno1, da abin da ke cikin /etc/network/interfaces bayan ka goge adireshinka na waje, sai mu duba tare. Allah ya taimaka.