Kafin ka shiga Yankari

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce za ku je gandun dajin Yankari kallon tsuntsaye da namun daji, abokanka na cewa wannan aikin Turawa ne, kana so ka ji ko muna da wata al'ada a kai. Muna da ita ƙwarai. Madubin hangen nesa da littafin sunaye ne baƙi, amma kallon kansa gadonmu ne.

Mu a wurinmu tsuntsu labari yake kawowa. Da muna yara, ranar da shamuwa ta sauka a kan tsamiyar ƙofar gidanmu, ranar kakanka yake fiddo iri da fartanya, don ya san damina ta ƙarato. A cikin gari take yin sheƙa, kusa da mutane, kuma ba yaron da ya isa ya ɗaga mata danƙo. Wanda ya kuskura, duk dattijon da ya gan shi yana da ikon hukunta shi. Kai ba za ka gan ta ba in da rani za ku je, lokacin tana can kudancin Afirka.

Ranin kuwa shi ne lokacin zuwa. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ciyawa ta kwanta, ruwa ya janye, dabbobi duk sun gangaro bakin kogin Gaji. Na taɓa zuwa a irin wannan lokaci. An keɓe dajin tun 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, kuma tsuntsayen da aka ƙirga a cikinsa sun haura iri 350, har da baƙi masu gudo wa sanyin Turai.

Ladabin daji wajen maharba na koye shi. Na farko shiru. Sai lura da iska, kada ta ɗauki warinka ta kai wa dabba, don giwa hancinta ya fi idonta. Sannan ka bar tsuntsu ya yi maka jagora: in ka ga balbela na tashi tana sauka wuri guda, ko ka ji kukan carki, akwai ɓauna ko gwanki kusa, ƙwari da kaska suke bi. Burtu ma ka nemi ganinsa, baƙi mai jan maƙogwaro, yana takawa a ƙasa. Kansa maharbanmu suke ɗaurawa a goshi, su duƙa suna kwaikwayon tafiyarsa har su kusanci nama. Wanda bai ɓata shekaru yana kallon burtu ba ba zai iya wannan ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne ungulu. A da kowace mahauta cike take da su, yau sai ka shekara ba ka ga ɗaya ba, masu neman sassan jikinta don magani sun ƙarar da ita. Gauraka ma haka ta yi wuyar gani. In Allah ya nuna maka ɗayansu, ka tsaya ka kalla da kyau.

Kada ka sauka daga mota sai ɗan jagora ya ce. A masaukin Wikki ka rufe abincinka da ƙofarka, gwaggon biri ba ya tsoron mutum a can. In ka dawo ka zo ka lissafa mini abin da ka gani, da sunayensu na Hausa. Ka gaida mahaifiyarka.