Ga mai tambaya kan karatun lobsta da dodon koɗin teku

Ƙanwata, kin ce kin samu gurbin digiri na biyu a ɗakin binciken da ke aiki kan lobsta (dabbar teku mai kama da ƙaton jatan lande) da dodon koɗin teku, amma mutanen gida na yi miki dariya, shi ya sa kike tambaya ko karatun yana da amfani. Ni ma lokacin da zan tafi, kawuna cewa ya yi an tura ni Turai kiwon ƙwari. Shekara uku na yi ina wannan aiki.

Jijiyoyin dabbar ake bi. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, ta ina za ki fara? Shi kuwa Afilisiya, dodon koɗin nan na gaɓar Kalifoniya, nasa wajen 20,000 ne, wasu ma da ido kike ganinsu don girma. Kuma wuri ɗaya suke zaune a jikin kowanne, har sunaye gare su. Akwai wata ƙatuwa, R2, yau in an nuna min ita zan gane ta kamar maƙwabciya.

Gwajin da aka fara koya min shi ne in taɓa bututun ruwan da ke bayan Afilisiya, sai ya janye abin numfashinsa. In kin yi ta taɓawa, sai ya saba ya daina kulawa. Ki ɗan sa masa lantarki a wutsiya, sai ya koma zabura fiye da da. Da wannan masanin jijiyoyi Eric Kandel ya nuna cewa koyo yana sauya ƙarfin mahaɗar da ke tsakanin jijiya da jijiya, ya samu kyautar Nobel a 2000. Wannan kaɗai ya isa ki faɗa wa Baba.

Lobsta kuma haƙoransa a cikin tumbinsa suke, kuma wani ƙullin jijiya mai ƙwayoyi kamar 30 ne ke juya su. Ki ciro shi ki sa a ruwan gishiri mai sanyi, zai yi sa'o'i yana bugawa kamar bai san an raba shi da mai shi ba. Masaniyar jijiyoyi Eve Marder ta jami'ar Brandeis a Amurka ta yi shekaru tana bincike a kansa. Af, lobsta ta fuska suke fitsari, kuma da warinsa wanda ya sha kaye yake gane wanda ya kayar da shi, ya kauce masa.

Sai dai ki shirya, rabin aikin wankin tanki ne da auna gishiri da sanyin ruwa. Wani ƙarshen mako na'urar sanyayawa ta tsaya ban duba ba, Litinin na tarar da dabbobi shida sun mutu, aikin wata biyu ya tafi. Fiɗar ƙullin nan kuwa, sai da na ɓata fiye da goma kafin hannuna ya daina rawa. Ki fara koyon lissafin ƙididdiga da Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, tun yanzu. Kuma kada ki shiga da farin mayafi, Afilisiya in ya ji haushi tawada shunayya yake fesowa.